Muhawara: Ilimi da sana'a ne kaɗai ke raba kuɗin shigar mutane?

Garba_Lissafi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wata magana da nake so mu tattauna da hujja. Kullum ana cewa mata na samun ƙasa da maza, baƙar fata na samun ƙasa da farar fata. A Amurka a 2023, macen da ta yi aiki cikakken lokaci shekara guda cur ta samu wajen senti 83 a duk dala ɗaya da namiji ya samu. To amma wannan lissafi ya zuba likita da mai shara a tukunya ɗaya. Idan ka ɗauki mutum biyu masu ilimi ɗaya, sana'a ɗaya, shekarun aiki ɗaya, awanni ɗaya, giɓin yana raguwa ƙwarai. Ni a ganina ilimi da irin sana'ar da mutum ya kama su ne ke raba talaka da mai hali. Jinsi da launin fata rakiya kawai suke yi. Wanda yake da ja ya zo da alƙaluma.

Malama_Rabi:
Wa alaikumus salam. Malam Garba, giɓin yana raguwa, wannan gaskiya ne. Francine Blau da Lawrence Kahn sun yi wannan lissafi da alƙaluman Amurka na 2010. A albashin awa ɗaya, giɓin wajen kashi 21 cikin 100 ne. Da suka daidaita ilimi, gogewa, sana'a da ɓangaren da mutum ke aiki, sai ya sauka zuwa wajen kashi 8. Amma ka lura da abu biyu. Ilimi bai taimaki hujjarka ba ko kaɗan, domin tun farkon shekarun 1980 mata suka fi maza karɓar digirin farko a ƙasar. Abin da ya ɗauki kusan rabin giɓin shi ne sana'a da ɓangaren aiki.

Na biyun ya fi muhimmanci. Ka ɗauki kamfani mai maza 100 da mata 100, mai mataki biyu na albashi: babba 300, ƙarami 100. Maza 40 ne a babban mataki, mata 10. Idan ka tara albashin maza ka raba, kowa ya tashi da 180. Na mata 120. Giɓi kashi 33 ke nan. Yanzu ka "daidaita mataki" yadda kake so: mace da namiji a babban mataki duk 300, a ƙarami duk 100. Giɓi ya zama sifili. Shin matsalar ta kau? Tana nan daram, ka dai rufe ta da lissafi. Tambayar ta koma: me ya sa 40 da 10?

Garba_Lissafi:
Malama, na gode. Amma 40 da 10 ɗin na iya zama zaɓi. Ba wanda ya hana mace neman babban mataki.

Dakta_Binta:
Ɗan'uwa Garba, mu duba lokacin da wannan "zaɓi" yake faruwa, domin yana da rana takamaimai. Henrik Kleven da abokan aikinsa sun bi alƙaluman Denmark na shekaru sama da talatin. Hanyar da suka bi mai sauƙin fahimta ce: a ɗauki shekarar haihuwar ɗan fari a kira ta shekara ta sifili, a bi kuɗin shigar uwa da na uba shekara biyar kafin nan da shekara goma bayan nan. Kafin haihuwa layukan biyu tare suke tafiya. Da zarar an haihu, layin uba ya ci gaba da tafiyarsa kamar ba abin da ya faru, na uwa ya faɗi, kuma bayan shekara goma yana bayan na uba da wajen kashi 20. A Jamus faɗuwar ta kai wajen kashi 60. Ta hanya uku asarar take zuwa: wasu su bar aiki gaba ɗaya, wasu su rage awanni, wasu su koma aikin da ya fi sassauci amma albashinsa ya fi ƙasa.

Claudia Goldin, wadda ta karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta bayyana dalilin da ya sa rage awanni ke da tsada haka. Akwai ayyuka masu haɗamar lokaci, irin su aikin lauya a manyan kamfanoni da harkar hada-hadar kuɗi, inda mai yin awa 60 a mako yake samun fiye da ninki biyu na mai yin awa 30, saboda abokin hulɗa yana son wannan mutumin da kansa, dare ko rana. Miji da mata masu ƙaramin yaro ba za su iya zama a shirye a kira su kowane lokaci su biyu ba. Dole ɗaya ya ja baya, kuma galibi matar ce. Goldin ta kwatanta da aikin harhaɗa magunguna a Amurka, inda bayanan majinyaci ke cikin kwamfuta, kowane ƙwararre zai iya karɓar wani, albashi kuma yana bin awa daidai wa daida. A nan giɓin yana cikin mafi ƙanƙanta a manyan sana'o'i. Ka ga tsarin aikin ne ya bambanta, matan ba su canza hali ba.

Uwar_Marayu:
Kada a manta da aikin da ba a biya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata ne ke yin kusan kashi uku cikin huɗu na ɗawainiyar reno, jinya da hidimar gida a duniya. Wannan lokacin daga wani wuri ake yanko shi.

Alƙalami_Sabo:
Don Allah malamai, ku koma da mu baya kaɗan. Ina yawan ganin ana cewa ma'aunin Gini na wata ƙasa kaza ne. Yaya ake fitar da shi?

Ɗan_Ƙididdiga:
Tambaya mai kyau, ƙanena. Corrado Gini, ɗan Italiya, shi ya fito da shi a 1912. Yana tsakanin 0 da 1. Sifili na nufin kowa daidai, ɗaya na nufin mutum guda ya kwashe duka. Ɗauki biro ka bi ni.

Mutum biyar ne, kuɗin shigarsu 10, 20, 30, 40 da 100. Da farko ka jera su daga ƙarami zuwa babba, idan ka tsallake wannan komai ya lalace. Jimla 200. Sai ka riƙa tarawa kana mai da shi kashi cikin ɗari: na farko yana da kashi 5, biyun farko 15, ukun farko 30, huɗun farko 50, duka biyar 100. Yanzu ka sa sifili a gaba, ka haɗa kowace lamba da mai bi mata: 0 da 5, 5 da 15, 15 da 30, 30 da 50, 50 da 100. Ka samu 5, 20, 45, 80, 150. Jimlarsu 300. Raba da yawan mutanen, wato 5, ka samu 60. Cire 60 daga 100, saura 40. Gini ɗinka 0.40.

Gwada ka mai da mai 100 ya zama mai 300, sauran ka bar su yadda suke. Za ka samu 0.60. A nan kuma za ka ga wani darasi. Idan ka tara ka raba daidai, da kowa 40 ne, yanzu ya zama 80, sai a ce arziki ya ninka. Amma mutumin da ke tsakiyar layi 30 yake da shi da, 30 yake da shi yanzu. Shi ya sa duk inda aka ba ka "matsakaicin albashi" ka tambaya: na tara-a-raba ne, ko na mutumin tsakiya? Na farkon attajiri ɗaya yana iya jan sa sama.

Don kwatance, Bankin Duniya ya ba Afirka ta Kudu 0.63 a 2014, Brazil tana sama da 0.50 kaɗan, ƙasashen arewacin Turai suna ƙasa da 0.30.

Sani_Haraji:
Bayanin Malam Ɗan_Ƙididdiga daidai ne, sai dai a kula da tarkuna kafin a ɗora ƙasa kan ƙasa. Wane kuɗin shiga aka auna? Idan kafin haraji da tallafin gwamnati ne, Finland da Amurka duk suna wajen 0.50. Bayan an cire haraji an ƙara fansho da tallafi, Finland ta sauka wajen 0.27, Amurka ta tsaya wajen 0.39. Kasuwa ta raba su kusan iri ɗaya, abin da gwamnati ta yi daga baya ne ya bambanta.

Sannan ƙasashe da dama abin da gida ya kashe suke aunawa, ba abin da ya samu ba. Wannan kullum yana fito da Gini ƙasa, domin mai kuɗi ba ya kashe duk abin da ya samu, talaka kuwa hannu baka hannu ƙwarya ne. Binciken gida-gida ma yana da nasa rauni: manyan attajirai ba sa buɗe wa mai tambaya ƙofa, idan sun buɗe ma ba sa faɗin ribar hannun jari. Saboda haka Thomas Piketty da Emmanuel Saez suka koma kan takardun haraji don gano rabon kashi 1 na sama.

Akwai kuma girman gida. Ba a raba kuɗin gida da yawan kawuna kai tsaye, tunda ɗaki ɗaya da wuta ɗaya suna yi wa mutane da yawa. Ma'aunin da ake bi a Turai yana ba babba na farko 1, duk wani mai shekara 14 ko fiye 0.5, yaro ƙasa da haka 0.3. Gida mai manya biyu da yara uku nauyinsa 2.4 ne. Idan suna samun 2,400, daidai suke da mutum ɗaya mai zaman kansa da ke samun 1,000.

Hajiya_Ladi:
Ni ma'aunin Gabriel Palma, masanin nan ɗan ƙasar Chile, ya fi mini sauƙin bayyanawa ga jama'a. Ka ɗauki rabon kashi 10 na sama ka raba da rabon kashi 40 na ƙasa. Ya lura cewa a yawancin ƙasashe rabin jama'ar da ke tsakani suna ɗaukar kusan rabin kuɗin ƙasa, rigimar duk a kan ɗaya rabin take. Gini ya fi jin motsin tsakiya, ba ya saurin nuna abin da ke faruwa a can ƙoli.

Malam_Idi_Tarihi:
Mun yi nisa da tambayar Malam Garba, bari in dawo da mu ta ƙofar launin fata. Ranka ya daɗe, ka yi ta maganar albashi, amma matsayin mutum a al'umma bai tsaya kan albashi ba. Albashi ruwan da ke shiga randa ne, dukiya kuwa abin da ya taru a cikinta. A Amurka a 2022, gidan farar fata na tsakiya yana samun wajen dala 81,000 a shekara, na baƙar fata wajen 53,000. Wato kusan kashi 65 cikin 100. Amma binciken Babban Bankin ƙasar na wannan shekarar ya nuna dukiyar gidan farar fata na tsakiya wajen dala 285,000, ta baƙar fata wajen 45,000. Ninki shida da ɗoriya.

Ilimi ba zai bayyana wannan ba, tarihin mallakar gida ne. A shekarun 1930 hukumomin gwamnatin tarayya suka zana taswirorin birane, suka shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi a matsayin masu haɗari ga mai ba da bashi. Hukumar da aka kafa a 1934 don tsaya wa masu karɓar bashin gida ta riƙa guje wa irin waɗannan unguwanni. Sai a 1968 doka ta haramta wariya a harkar gidaje. Shekara talatin da wani abu ke nan da iyalai farare suka yi suna sayen gida da bashi mai sauƙi, gidan yana ƙara daraja, suna barin wa 'ya'yansu. Har yau farare wajen kashi 74 ne ke da gidan kansu, baƙaƙe wajen 45.

Amfanin dukiya a aikace kuwa: ita ke biyan kuɗin jami'a ba tare da bashi ba, ita ke riƙe mutum wata shida yana neman aikin da ya dace maimakon ya kama na farkon da ya samu, ita ke zama jarin fara sana'a. Mutum biyu na iya karɓar albashi ɗaya, ɗaya iyayensa ke tallafa masa, ɗaya shi ke ɗauke da iyayensa.

Garba_Lissafi:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi maganar dukiya. Amma wannan tabon jiya ne. Tun 1964 doka ta hana wariya wajen ɗaukar aiki. Yau mai digiri mai digiri ne.

Zainab_Bincike:
An gwada wannan, Malam Garba, kuma gwajin ba ya buƙatar wani dogon lissafi. Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 zuwa kamfanoni a Boston da Chicago, aka wallafa sakamakon a 2004. Takardun iri ɗaya ne, suna kawai ake canzawa, wani sunan da aka san shi da farare, wani da baƙaƙe. Mai sunan farare ana kiransa sau ɗaya a wajen takarda 10, mai sunan baƙaƙe sau ɗaya a wajen 15. Devah Pager kuma ta tura samari da ƙafarsu a Milwaukee. Farin da ya ce ya taɓa zaman kurkuku an kira shi a kashi 17 na wuraren da ya je. Baƙin da bai taɓa laifi ba, kashi 14.

Ƙarfin wannan hanya shi ne mai binciken da kansa ya daidaita ilimi da gogewa, ba abin da ya rage sai suna ko fuska. Rauninta kuma ƙofar shiga kawai take gani. Ba ta ganin albashin da za a yanka wa mutum, ko wanda za a ƙara wa girma bayan shekara biyar.

Musa_Tsakani:
Don adalci, akwai abin da ke wahalar da ɓangarorin biyu. Raj Chetty da abokansa sun bi yara wajen miliyan 20 a Amurka, suka fitar da sakamako a 2018. Yaro baƙi da yaro fari da iyayensu ke samun kuɗi ɗaya, baƙin yana girma ya samu ƙasa, kuma haka abin yake a kashi 99 cikin 100 na unguwannin ƙasar. Amma a 'yan mata, idan kuɗin iyaye ɗaya ne, abin da baƙar mace ke samu da hannunta bai gaza na farar mace ba. Don haka ba a iya auna launin fata daban, jinsi daban, a haɗa su kamar 2 da 2. Sai an duba kowane rukuni da kansa.

Garba_Lissafi:
To 'yan asalin Asiya fa? Su ma ba farare ba ne, amma gidansu na tsakiya ya haura dala 108,000 a 2022. Ba ilimi ne ya kai su ba?

Malam_Idi_Tarihi:
Ilimi ne, amma ka tambayi inda aka samo shi. Dokar shige da fice ta 1965 da waɗanda suka biyo bayanta sun buɗe ƙofa ga masu ƙwarewa. Injiniya ko likitan da ya taso daga Indiya da digirinsa a hannu zaɓaɓɓe ne a cikin dubbai. Waɗanda suka shigo a matsayin 'yan gudun hijira daga Myanmar suna can ƙasan layi, duk da cewa a takarda "Asiya" ɗaya aka rubuta musu.

Ɗan_Ƙididdiga:
A nan zan ɗan tsaya wa Malam Garba. Akwai ma'aunin Theil, wanda ya fi Gini da abu ɗaya: ana iya tsaga shi gida biyu, tazarar da ke tsakanin rukunoni da tazarar da ke cikin kowane rukuni. A yawancin ƙasashe ta cikin rukuni ce ta fi girma nesa. Ko da an wayi gari mata sun kamo maza, baƙaƙe sun kamo farare a matsakaici, shugaban kamfani da mai goge tayil ɗin ofishinsa suna nan inda suke. Afirka ta Kudu ta nuna haka. Dokar filaye ta 1913 ta killace baƙaƙe a wajen kashi 7 na ƙasar, aka ɗaga zuwa 13 a 1936, dokar ilimi ta 1953 ta ware musu karatun da zai tsaya a aikin ƙarfi. Bayan ƙarewar mulkin wariyar launin fata a 1994 an samu baƙaƙe masu matsakaicin hali da attajirai, tazarar da ke tsakanin launuka ta ɗan ragu, amma wadda ke tsakanin baƙaƙe su ya su ta ƙaru. Gini ɗin ƙasar bai sauka ba.

Baba_Shehu:
'Ya'yana, ilimin da kuke ta ambata shi ma a buɗe cikinsa. Tun Jacob Mincer a 1974 ake auna ribar karatu, kuma a duniya kowace ƙarin shekara ɗaya a makaranta tana zuwa da ƙarin albashi wajen kashi 9 zuwa 10. Matsalar wannan lissafi: wanda ya daɗe a makaranta galibi ɗan masu hali ne, ko mai ƙwaƙwalwa tun asali, to nawa ne rabon makarantar? Masana sun bi ta hanya biyu. Sun kwatanta tagwaye masu kama ɗaya da karatunsu ya bambanta. Sun kuma duba lokacin da doka ta tilasta ƙarin shekara, kamar yadda Birtaniya ta ɗaga shekarun barin makaranta daga 14 zuwa 15 a 1947, da 15 zuwa 16 a 1972. Karatu yana da riba ta gaske, amma girmanta ya danganta da wuri da zamani.

Michael Spence kuma a 1973 ya ce wani ɓangare na darajar takardar shaida alama ce kawai ga mai ɗaukar aiki. Abin da ke goyon bayansa: shekarar ƙarshe da ake karɓar takarda tana biyan fiye da shekarun da suka gabace ta. Wanda ya yi shekara uku a jami'a ya fita saboda kuɗi ya ƙare, ya sha karatun amma kasuwa kusan ɗan sakandare take ganinsa. Su wane ne ke fita a shekara ta uku? Ba 'ya'yan masu dukiyar da Malam Idi ya ambata ba.

Malama_Rabi:
Baba ya kawo mu kan asalin gida. A Birtaniya, Sam Friedman da Daniel Laurison sun duba waɗanda suka riga suka shiga manyan sana'o'i, likitanci, lauya, harkar kuɗi. 'Ya'yan leburori a cikinsu suna samun wajen kashi 16 ƙasa da 'ya'yan manya. Ko an daidaita digiri da jami'ar da aka yi, wani kaso yana nan. Pierre Bourdieu ya ce jari iri uku ne: na kuɗi, na sanayya, da na tarbiyyar manya, wato salon magana, sutura, sanin abin da ake hira a kai a teburin shugabanni. Ɗan wane yana da uwa a gindin murhu, yana jin labarin gurbi kafin a tallata, yana da babban da zai ambaci sunansa a ɗakin da ake yanke ƙarin girma. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke fitowa a lissafin "ilimi ɗaya, sana'a ɗaya".

Alƙalami_Sabo:
To wai yaya ake sanin ajin mutum? Da albashi?

Hajiya_Ladi:
Ya danganta da mai aunawa, ƙanena. Cibiyar Pew a Amurka da kuɗi take yi: daga kashi biyu cikin uku na abin da gidan tsakiya ke samu zuwa ninki biyunsa, kai mai matsakaicin hali ne. Hukumar ƙididdiga ta Birtaniya tun 2001 tana bin tsarin da ya samo asali daga John Goldthorpe, wanda ke duba dangantakarka da aikin: albashin wata kake karɓa ko na awa, akwai fansho da matakan ƙarin girma, kai ke tsara aikinka ko tsaye ake a kanka, yaya sauƙin sallamarka. Mai gyaran famfo na iya fin malamin makaranta kuɗi a shekara mai kyau, amma ranar da bayansa ya ƙage kuɗin ya tsaya.

Kwamared_Bala:
'Yan'uwa, kuna magana kamar albashin kowace sana'a daga sama ya faɗo. Ciniki ne, kuma mai ƙarfi ke yanka farashi. A tsakiyar shekarun 1950 kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan Amurka suna cikin ƙungiyar ƙwadago, yau wajen kashi 10 ne. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009, tsadar kaya tana ta cinye shi. Ma'aikacin masana'anta bai rage ilimi ba, abin da zai yi ciniki da shi ne ya rage.

Kuma ga wadda ta shafi tambayarka kai tsaye, Malam Garba. Asaf Levanon, Paula England da Paul Allison sun bi ƙidayar Amurka daga 1950 zuwa 2000, suka ga cewa idan mata suka yawaita a wata sana'a, albashinta yana sauka daga baya, ko da ƙwarewar da ake buƙata ba ta canza ba. Idan haka ne, "sana'a" da kake cirewa daga lissafi tana ɗauke da jinsi a cikinta.

Musa_Tsakani:
A gefe guda, Branko Milanovic ya nuna cewa idan duniya duka aka ɗauka, ƙasar da mutum yake zaune ita kaɗai tana bayyana fiye da rabin bambancin kuɗin shiga. Duk abin da muke ta ja a kai a cikin iyakar ƙasa ɗaya ne.

Zainab_Bincike:
Gaskiya ne, amma wannan muhawarar wata rana ce. Ga mai son duba ma'aikatarsa a aikace, ga yadda ake yi. A tattara albashi tare da alawus da bonas, domin sau da yawa a bonas giɓin yake ɓuya. A mai da komai kuɗin awa ɗaya, kada mai rabin lokaci ya ɓata lissafi. A fitar da na tara-a-raba da na mutumin tsakiya duka biyu. A jera ma'aikata daga ƙasa zuwa sama a yanka su gida huɗu, a ƙirga mata nawa maza nawa a kowane gida. Wannan shi ne abin da Birtaniya ta wajabta wa duk ma'aikata mai mutum 250 ko fiye ta wallafa tun 2017. Iceland ta wuce nan a 2018, inda ta wajabta wa mai ma'aikata 25 ko fiye ya nuna shaidar cewa aiki mai daraja ɗaya albashinsa ɗaya.

Inda ake kuskure: a daidaita da sunan muƙami ko sakamakon tantancewar shekara, alhali shugaban da ake zargi da son kai shi ya ba da su. Ko a yanka rukuni ƙanana har ya zama mace uku ake kwatantawa da maza hamsin, tafiyar mutum ɗaya ta juya sakamakon. Ko a manta da waɗanda aka ɗauka ta hannun 'yan kwangila, masu shara da masu gadi, sai kamfani ya fito fes saboda talakawansa ba sa cikin rajistarsa.

Garba_Lissafi:
Na ƙaru ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na janye kalmar "rakiya". Amma ina nan kan cewa ba duk ragowar kashi 8 ɗin Blau da Kahn ne wariya ba. Abin da lissafi bai bayyana ba yana iya zama abin da ba a auna ba, kamar yarda da tafiye-tafiye ko jajircewa wajen cinikin albashi.

Dakta_Binta:
Wannan daidai ne, kuma su kansu masu bin hanyar wannan lissafi, wadda Ronald Oaxaca da Alan Blinder suka shimfiɗa a 1973, sun san haka. Ragowar na iya fin wariyar gaske girma idan akwai abin da ba a auna ba. Tana kuma iya gaza ta idan abin da aka cire, kamar muƙami ko sana'a, wariya ce ta haifar da shi. Alƙaluman albashi kaɗai ba za su raba maka waɗannan biyun ba. Sai ka haɗa da gwaji irin wanda Zainab ta kawo, da bayanan wanda ya nemi ƙarin girma da wanda aka ba.

Malama_Rabi:
To a kamfanin da na kawo misali, Malam Garba, abin da za ka nema ke nan: cikin mata 90 da ke ƙaramin mataki, nawa suka nemi hawa a shekara biyar da suka wuce, nawa aka ba, kuma a cikin maza 60 nawa. Idan kason masu nema ɗaya ne amma na waɗanda aka ba ya bambanta, ka duba kwamitin. Idan matan ba sa nema, ka duba sharuɗɗan babban matakin, awanninsa da tafiye-tafiyensa, da shekarun da ake buɗe ƙofarsa, ko sun faɗo daidai lokacin goyo.

Garba_Lissafi:
Idan kuma sun nema an ba su daidai, amma suna ajiye aikin bayan shekara biyu fa? Wannan a wane gefe za a rubuta shi?

Ɗan_Ƙididdiga:
Sai ka bi su ka ga inda suka koma. Wadda ta tafi wani kamfani a mataki ɗaya ko sama da shi, matsalar tana gidan da ta bari. Wadda ta sauka mataki ko ta bar aiki gaba ɗaya, ka duba shekarun ɗanta na fari ka ɗora a kan layin da Dakta ta zana. Kuma ka ƙirga mazan da suka ajiye a wannan lokacin, domin yawancin ma'aikatu ba sa ajiye wannan bayanin sai an nema.